In Mace Ta Ce "Ni" A Cikin Labari

Duk wanda ya saba zama a bakin tashar motar Kankiya, ko kuwa a majalisun Kusada bayan an idar da sallar lisha, ba zai rasa jin wata gardama da takan tashi jifa-jifa ba, a kan irin labaran da mata ke rubutawa a zamanin nan. Ba littattafan soyayya na saurayi da budurwa ake nufi ba, waɗannan an daɗe da gajiya da zaginsu. Waɗanda ake ta da jijiyar wuya a kansu yanzu gajeru ne, masu ɗaci, kuma mace ce ke ba da su da bakin kanta. Sai a ji ta fara da cewa ita ce ta ga abin da aka yi a ɗakin baya, ta haɗiye shi shekara goma. Ko kuwa ta ce ita ce aka kai gidan da ba ta so, har ta wayi gari ta aiki yaro ya sayo mata maganin ɓera, alhali babu ɓera a ɗakinta. Irin wannan labari ba ya ƙarewa da buki. Wani sa'i ma sai ya ƙare mai laifi yana zaune lafiya lau a ƙofar gidansa, masu wucewa suna durƙusawa suna gaishe shi.

Turawa sun daɗe da sanin irin wannan rubutu. A shekarar 1945 wani kamfanin buga littattafai na birnin Faris ya fara fitar da jerin labaran kisan kai da cin amana a cikin baƙin bango, ya kuwa raɗa musu suna da kalmar Faransanci mai nufin baƙi, sunan ya bi su har yau. Da Hausa ba a cewa baƙin labari, don wannan saƙon mutuwa yake nufi. Saboda haka a nan za a kira su labaran duhu. Abin da ya raba su da sauran labarai shi ne ba su yi wa mai karatu alkawarin gaskiya za ta yi halinta kafin shafi ya ƙare.

Da can a mota littattafan mata suke zuwa wannan yanki. A ɗauko su daga kasuwar Kano, a biyo da su ta Bichi da Tsanyawa da Gidan Mutum Ɗaya, a sauke a Kankiya, mai shago ya riƙa ba da haya, littafi ɗaya ya zaga gida goma har bangonsa ya rabu da shi. Yanzu kuwa rediyo da wayar hannu sun rage wa mota aiki. A shekarar 2016 Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar gajerun labarai domin mata zalla, mai suna Hikayata, aka riƙa karanta waɗanda suka yi fice a rediyo. Wadda ta fara cinye gasar 'yar Jihar Katsina ce, Aisha Muhammad Sabitu, da labarinta mai suna Sansani, a kan rayuwar 'yan gudun hijira. A 2021 Aishatu Musa Dalil ta ci da labari mai suna Haƙƙina, na wata yarinya da aka yi wa fyaɗe a cikin gidansu, mahaifiyarta ta zaɓi rufin asiri a kan nema mata haƙƙi. A 2022 kyautar ta ƙetare iyaka, Amira Souley ta Maraɗi ta ɗauke ta da Garar Biki. Watau dai abin da a da sai wadda ta iya karatu ke saninsa, yanzu ya shiga kunnen kowa, har da na maigida yana shan iska a tsakar gida.

To, daga nan ne rigimar ta taso. Maigida ya ji murya tana cewa "ni ce na yi kaza," sai ya gyara zama, ya tambayi uwargida ko wace ce wannan. Ta ce, "Malam, ai labari ne." Ya ce, "Labarin wa? Ai da bakinta ta faɗa. Mace ba ta ƙirƙiro irin wannan sai in ta aikata, ko kuwa tana da niyya." Gobe ya ɗauki maganar ya kai majalisa, a can ta sami 'yan amshi, kafin mako ya zagayo an yanke wa marubuciya hukunci ba ta sani ba: ko dai mazinaciya ce, ko mai kisan miji, ko kuwa wadda ta tona asirin gidan ubanta don kuɗin Turawa.

Wannan magana ba ta da tushe, kuma abin kunya ne ta fito daga bakin wanda ya zauna a ajin yaƙi da jahilci har ya karɓi takardar shaida. Wanda bai taɓa riƙe littafi ba yana da uzuri. Amma wanda ya iya karatu, lalle ya taɓa karanta Ruwan Bagaja, ko an karanta masa. Littafin nan ya fito ne daga gasar da Ofishin Fassara na Zariya ya shirya a 1933, a ƙarƙashin Dokta Rupert East, kuma wanda ya rubuta shi, Malam Abubakar Imam, a lokacin yana koyarwa a Midil ta Katsina. Wa ke ba da labari a cikinsa? Wani mutum ne mai suna Alhaji Imam, da bakinsa, yana cewa ni na yi, ni na tafi. Ya yi ƙarya, ya yi damfara, shi da Malam Zurƙe ɗan Muhamman suka yi ta ƙulla wa juna sharri gari gari. Ga shi har suna ya zo ɗaya da na mawallafi. Amma shekara wajen 90 ke nan ana karanta littafin, ba a taɓa jin wani ya tsaya a kasuwa ya ce Malam Abubakar Imam ɗan damfara ne, tun da ga shi ya faɗa da bakinsa. Maimakon haka ma, a 1939 shi aka ɗauka ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo.

Haka kuma Shaihu Umar, wanda ya fito daga wannan gasa. Umar ne ke zaune gaban almajiransa yana ba su labarin yadda aka sace shi yana yaro, aka ƙetare Sahara da shi, da yadda mahaifiyarsa ta bi sawunsa har ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Babu wanda ya ce Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ne aka sace. Kowa ya gane marubuci daban, mai ba da labari daban, kamar yadda mai wasan kwaikwayo kan sa rawani ya zama sarki na sa'a guda, sa'an nan ya tuɓe ya hau kekensa ya koma gida. To, me ya sa wannan fahimta, wadda ake yi wa namiji kyauta, in an zo kan mace sai ta gagara? Ashe hankalin da ya iya raba Imam na littafi da Imam na Katsina ba zai iya raba Fatima ta labari da wadda ta riƙe alƙalami ba?

A sauran ƙasashe an wuce wannan wuri. A Ingila, a 1926, Agata Kiristi ta rubuta labarin da wani likita ke bayarwa da bakinsa, sai a ƙarshe a gane shi ne ya yi kisan da ake ta bincike. Mace ce ta rubuta, namiji ne ke magana, ba ita ce likitan ba, ba ta kuma kashe kowa ba. A nan gida, a 2018, wata 'yar Ikko mai suna Oyinkan Braithwaite ta fitar da littafi da Turanci, wanda a cikinsa wata ma'aikaciyar asibiti ke ba da labarin yadda take goge jini tana ɓoye gawa duk sa'ad da ƙanwarta ta kashe saurayi. Duniya ta karanta, aka yaba, 'yan sanda kuwa ba su je gidansu neman gawa ba.

In an ƙure masu wannan zargi sai su sake wuri. Su ce to, sun yarda ba ita ta aikata ba, amma tana koya wa mata mugunta, don macen da ba ta san ana zuba abu a miya ba yanzu ta sani. Wannan ita ce hujjar da aka fi jin nauyinta, har hukuma ta taɓa aiki da ita. Jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i a 2001, a 2007 kuma, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, aka tara littattafan Hausa da aka karɓe daga hannun 'yan makarantar mata aka cinna musu wuta a bainar jama'a. Saboda haka ya kamata a tsaya a dube ta da kyau.

Abin tambaya na farko shi ne, a bakin wa Bahaushe ya fara jin labarin mugunta? A bakin kakarsa. Tun kafin a san boko, tun kafin a kawo injin buga littafi Zariya, in dare ya yi tsohuwa ce ke tara jikoki a ɗaki ta ce ga ta nan ga ta nanku. Abin da ke biyo baya kuwa sau da yawa ba shi da daɗin ji. Akwai marainiyar da kishiyar uwa ta kora ta tafi wanki a ruwa mai nisa, don dai ta hallaka a hanya. Akwai Ta-Kitse, wadda kishiyoyi suka matsa wa sai ta yi aiki, suna sane da zafi zai narkar da ita, ta kuwa narke. Akwai Dodo mai haɗiye mutane. Wani Bature, Frank Edgar, ya tara irin waɗannan a manyan littattafai uku tsakanin 1911 da 1913, duk mai so ya duba ya ga yawan kishi da guba da yankan kai da ke ciki. Mata ne suka riƙe wannan gado, yara ƙanana suke ba wa, a cikin duhu. Duk dattijon da ke zaune a majalisar Kusada yau yana la'antar labaran mata, da irin wannan aka yaye shi, bai kuwa tashi ya narkar da kowa ba.

Sai Dare Dubu Da Ɗaya, wanda malamai da sarakuna suka so, aka juya shi da Hausa. Mace ce ke ba da shi tun daga farko har ƙarshe, tana kuwa ba da shi ne ga sarkin da ya saba auren budurwa da dare ya sa a kashe ta da safe. Da wuya a sami labarin da ya fi wannan duhu. Hukumar Zariya kanta ta buga Jiki Magayi, na Malam John Tafida da Dokta East, inda mai kuɗi ya ƙwace wa Abubakar budurwarsa Zainabu, shi kuma ya shiga duniya neman asirin ramuwa, ya lalata ɗan da suka haifa ya zama ɓarawo, har yaron ya kashe mahaifinsa bai sani ba. An karanta shi a makarantu shekara da shekaru, da yardar hukuma. Samarin boko na shekarun 1970 da 1980 kuwa, aljihunsu bai rabu da littattafan wani Baturen Ingila mai suna James Hadley Chase ba, waɗanda babu kome a ciki sai bindiga da fashi da cin amana. Ba a ƙona ko ɗaya ba. Cewa ma aka yi yaro yana gyara Turancinsa.

Har wa yau akwai abin da ya fi waɗannan duka. Alƙur'ani mai girma ba a kwatanta shi da maganar ɗan Adam, amma a cikinsa akwai darasi ga wannan gardama. A ƙissar Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, an faɗi yadda 'yan'uwa suka jefa ɗan'uwansu a rijiya, an faɗi yadda matar Azizu ta ƙulla masa sharri har ya yi shekaru a kurkuku, an kuma kawo yadda daga baya ta amsa laifinta da bakinta. Ana fassara wannan a tafsirin watan azumi, maza na ji, mata na ji daga bayan danga. Ba a taɓa samun malamin da ya ce a tsallake wurin don kada mata su koyi makirci ba, domin malamai sun san ambaton mugun aiki ba umurni da shi ba ne.

Mugunta ba ta jiran littafi. A shekarar 2014, a yankin Gezawa ta Jihar Kano, wata yarinya 'yar shekara 14 ta zuba maganin ɓera a abinci kwanaki kaɗan bayan an ɗaura mata aure, mijin ya mutu, wasu mutum uku suka mutu tare da shi. Ta ce auren dole aka yi mata. An yi ta shari'a har 2015, sa'an nan gwamnati ta janye ƙarar. Gidajen rediyo sun ba da labarin safe da yamma, an tattauna shi a kowace majalisa daga Kano har Katsina, ba a kuwa ji wanda ya ce a rufe rediyo don kada 'yan mata su koya ba. Abin da ta yi kisan kai ne, rai huɗu suka salwanta, babu mai hankalin da zai wanke shi. Amma rediyo ya faɗi adadin gawa ne da ranar zaman kotu. Bai faɗi abin da ke cikin zuciyar yarinyar ba a daren da aka kai ta, da wanda ta kai wa kuka ya kore ta, da ranar da ta daina kuka ta yi shiru, mutanen gida suka ce alhamdu lillahi ta haƙura. Wannan wurin da rediyo ba ya shiga, nan ne labarin duhu ke shiga, ba ya kuwa shiga sosai sai da bakin mace, don ita ce ke cikin ɗakin. Uban da ya karanta irin wannan labari ya ji tsigar jikinsa ta tashi, in ya ga 'yarsa ta yi irin wannan shiru zai tambaya. Wanda bai karanta ba sai ya ce ta haƙura.

A nan ne gaskiyar maganar take, ko da yake ba a son faɗinta a majalisa. Duhun labari bai dami masu faɗa ba, tun da sun sha duhu a bakin kaka da na Malam Tafida ba su yi ƙorafi ba. Abin da ya dame su shi ne an ɗage labulen ɗaki daga ciki. Tatsuniya takan ce a wani gari, a wani zamani, ta ɗora laifi a kan Gizo ko Dodo, kowa ya yi dariya ya kwanta. Labarin yau kuwa cewa yake ni, a gidan nan, mai laifin kuma yana da hula da carbi, yana da kujera a majalisa. Shi ya sa in an kasa cewa ƙarya ne sai a ce tonon asiri ne. Rufin asiri abu ne mai kyau, Bahaushe yana roƙon Allah shi kullum. Amma akwai bambanci tsakanin rufa wa mai rauni asiri da rufa wa azzalumi. Labarin Haƙƙina a kan wannan bambanci aka gina shi, sunansa kaɗai ya isa shaida. Ciwon da aka rufe da tsumma ba a wanke ba, ruɓa yake yi.

Mace Bahaushiya ta taɓa cewa "ni" a takarda tun kafin a haifi yawancin masu gardamar nan. Tsakanin 1949 da 1950 wata tsohuwa ta ƙasar Zazzau, Baba ta Karo, ta zauna ta ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin rayuwarta, aka buga shi a London a 1954. A ciki akwai harin masu kamun bayi, da aure da saki, da zaman kishi, da bori, ba ta ɓoye ba. Nata ma ba ƙirƙira ba ne, rayuwarta ce. Yau masana tarihin ƙasar Hausa ba su iya yin magana a kan zaman mata na wancan zamani ba tare da sun koma kanta ba. Da an rufe mata baki da sunan kunya, da wannan sani duk ya bi ta kabari.

Ba a ce kuma duk abin da mace ta rubuta a rungume shi ba. Akwai masu rubuta batsa tsagwaronta suna sayarwa ta WhatsApp shafi shafi, su lulluɓe ta da sunan faɗakarwa. Wannan kasuwanci ne, ba shi da mai kare shi a nan, kuma maza ma suna cikinsa dumu-dumu. Akwai kuma marubutan da suka ɗauka yawan bala'i shi ne gwaninta, kowane shafi boka, kowane babi gawa, har mai karatu ya daina jin tausayi ya koma hamma. Mai karatu yana da ikon ya ƙi irin wannan, ya ce bai yi kyau ba. Hanyar ganewa ba ta da wuya: in an rufe littafi, mugun aikin nan daɗi ya bari a baki ko ɗaci? Wanda ya ƙawata shi har ya ba da sha'awa ya yi ɓarna. Wanda ya nuna shi yadda yake, da abin da ya jawo shi, da abin da ya bari a baya, ya yi aikin likita, ko da allurar ta yi zafi. Kuma uba da uwa suna da ikon su ce wannan labari ba na 'yar shekara goma ba ne, a ajiye shi sai ta girma. Wannan duk hukunci ne a kan rubutu. Inda aka kauce hanya shi ne a bar rubutu a koma kan mutuncin wadda ta yi shi.

Su ma mata masu karatu suna da nasu laifi. Da yawa suna son labarin, su yi ta hawaye, amma in ya ƙare ba a ga azzalumi ya haukace ko ya talauce ba, sai su taso wa marubuciya da faɗa, wai ta goyi bayan zalunci. Wasu kuma so suke lalle mai ba da labari ta tuba a shafin ƙarshe, ko kuwa a kashe ta. An saba da littafin da kan biya kowa haƙƙinsa kafin a rufe bango, abin da daɗi kuwa. Sai dai wadda ta zauna a gidan aure shekara ashirin ta san ba kullum ake haka ba. Hisabi yana nan, amma ba marubuciya ce ke riƙe da ranarsa ba. In ta bar azzalumi a ƙofar gidansa ana gaishe shi, ta bar shi ne a hannun mai karatu, ya duba ko shi ma yana cikin masu gaisuwar.

Abin da wannan zargi ke jawowa ba ƙarami ba ne. Yarinyar da ke da baiwar rubutu, in ta ga yadda ake yayyaga wadda ta riga ta, sai ta ɓoye sunanta, ko ta ajiye alƙalami gaba ɗaya don kada ta rasa miji. Matar aure ta rubuta labari da "ni," dangin miji su ɗauka da su take, a kira ta a titsiye. Mafi muni kuma, maigida ya ce tun da abin da karatu ke kawowa ke nan, matarsa ba ta ƙara zuwa aji. A nan hasarar ta wuce ta labari. Wadda aka hana aji ba za ta karanta takardar magani ba, ba za ta duba littafin makarantar ɗanta ba, in an aiko mata da saƙo a waya sai ta kai wa wani ya karanta mata asirinta. An gudu daga tonon asiri an faɗa cikinsa.

Waɗanda suka kafa yaƙi da jahilci ba haka suka nufa ba. A farkon shekarun 1950 aka ɗaura wannan yaƙi a Jihar Arewa, Malam Ahmadu Kumasi na Katsina yana cikin manyan jagororinsa. Daga 1954 zuwa 1959 hukumar NORLA ta Zariya ta yi ta buga ƙananan littattafai da jaridun larduna don waɗanda suka fita aji su sami abin karantawa, ta Lardin Katsina ita ce Himma. Tun kafin su ma, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta riƙa aika jajis ƙauye ƙauye su karantar da mata a cikin gidajensu. Ba a koya wa mutum karatu sa'an nan a ce idonsa ya tsaya a kan allon kan hanya da rasit ɗin haraji. Wadda kuma aka koya wa karatu, an koya mata rubutu ke nan, wata rana za ta rubuta abin da ta gani.

Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta Kano misali ce da ya kamata kowane ɗan aji ya sani. An cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana da shekara wajen 13, auren bai daɗe ba ya mutu. A ajin ilmin manya ta koyi karatu da rubutun Hausa. Ita ce ta rubuta Budurwar Zuciya a 1987, da Alhaki Kuykuyo Ne, da Wa Zai Auri Jahila? Ta sha zagi da barazana saboda ta taɓa auren dole da sakin wulaƙanci. A 2012 Malam Aliyu Kamal ya juya Alhaki Kuykuyo Ne da Turanci, wani kamfani a ƙasar Indiya ya buga, mutanen da ba su taɓa jin sunan Kano ba suka san Rabi da 'ya'yanta da mijin da ya kore su. Ajin da ta zauna bai fi wanda ake buɗewa a Kankiya ko Kusada da kome ba, allo ne da alli da benci.

Akwai abin da malaman waɗannan azuzuwa za su iya yi ba tare da an kashe ko kwabo ba. A makon ƙarshe, kafin a raba takardun shaida, malami ya zo da Ruwan Bagaja ya karanta shafi guda inda Alhaji Imam ke ba da labarin wata damfararsa. Sa'an nan ya ɗauko ɗaya daga cikin labaran Hikayata wanda mace ke magana a ciki, bai fi kalma 1,500 ba, ya karanta shi duka. In ya gama ya rubuta tambaya biyu a allo, wa ya rubuta, wa ke magana, ya bar 'yan aji su yi ta gardama har su raba su da kansu. A ajin maza ya kamata a fara, kuma a bar tagogi a buɗe don na waje su ji.